John Boyd Dunlop, Likitan Dabbobin Da Ya Ɗura Wa Ƙafar Keke Iska

Duk wanda ya tsaya bakin gadar Wudil ran Jumma'a da hantsi, sa'ad da kasuwa ta fara cika, zai ga abubuwan hawa iri iri suna wucewa, daga manyan motoci masu ɗaukar shanu zuwa Kudu, har ya zuwa babura da kekunan mutanen ƙauye. In ya lura kuwa zai ga dukansu bisa iska su ke tafe, ba inda ƙarfe ya taɓa ƙasa. Iskan nan da a ka kulle cikin roba ita ke ɗauke da shanun da masu shanun baki ɗaya.

In an tambayi ɗan makaranta wa ya fara yin wannan dabara, sai ya ce Dunlop, gama haka a ka koya masa, kuma sunan da a ka saba gani a jikin taya ke nan. Amsan nan tana da gaskiya, amma ba dukan gaskiyar ke nan ba. Ya kamata malamai musamman su san sauran, domin su ne ke ba da mākin.

An haifi John Boyd Dunlop ran 5 ga Fabrairu 1840, a wani ƙauye wai shi Dreghorn, cikin ƙasar Sikotilan, arewa da Ingila. Iyayensa manoma ne. Tun yana yaro ba shi da ƙarfin jiki irin na aikin gona, amma yana da kai, yana kuwa son dabbobi. Sai a ka tura shi birnin Edimbara, makarantar koyon aikin likitan dabbobi, ya fita da takardar shaida yana ɗan shekara goma sha tara. Ya yi 'yan shekaru yana aiki a ƙasarsu. Cikin 1867 ya ƙetare teku zuwa Ailan, ya fara zama a garin Downpatrick, daga baya ya kahu a birnin Belfas. Zamanin nan doki ne motar Turawa, shi ke jan kaya, shi ke jan mutane, saboda haka likitan dawaki ba ya rasa abin yi. Gidan aikin Dunlop ya bunƙasa har ya zama ɗaya daga cikin manya a ƙasar. Ya yi aure cikin 1871, a ka haifa masa 'ya'ya, mace da namiji. Mutum ne mai sanyin hali, mai doguwar gemu, mai tattalin lafiyarsa ƙwarai. Har ya kai shekara arba'in da bakwai ba wanda ya san shi da wani abu in ba jinyar dabbobi ba.

Abu ɗaya dai aikin nan ya koya masa wanda ya yi rana daga baya. Ya saba yanka faifan roba yana liƙawa, yana haɗa 'yan kayan da ya ke bukata wajen jinya, don haka hannunsa ya san roba.

Roban ma tana da nata labarin. Danko ne da a ke tatsa daga jikin itace, kamar yadda a ke tsaga gamji ya fid da farin ruwa. Ɗanyen danko ba shi da amana, in zafi ya yi sai ya narke ya yi yauƙi, in sanyi ya yi ya ƙandare. Wani Ba'amurke, Charles Goodyear, shi ya gano cikin 1839 cewa in an dafa danko tare da farar wuta ya kan daina wannan hali, ya riƙa miƙewa yana komawa yadda ya ke, ko da zafi ko da sanyi. Ba don wannan ba, da ba a yi zancen taya ba sam.

To, Dunlop yana da ɗa, sunansa John kamar uban, yaro ɗan kimanin shekara goma, yana da keke mai ƙafa uku. Ba irin a-daidaita-sahu ba, na yara, wanda a ke tuƙawa da ƙafa. Tayoyin keken zamanin roba ce curarriya, siririya, ba rami ciki. Titunan Belfas kuwa daɓen duwatsu ne. Wanda ya taɓa hawa amalanke a kan hanyar burji da ta yi gargada ya san abin da yaron nan ke sha. Ya yi ta kuka da girgiza, uban ya shiga tunani.

Cikin kaka ta 1887 Dunlop ya sami faifan katako mai kewaye, ya haɗa mesa da faifan roba, ya naɗa ta a bakin katakon, ya rufe da ƙyallen lilin, ya kafe ƙyallen da ƙusoshi. Sa'an nan ya ɗauko famfon da a ke hura ƙwallo da shi, ya ɗura wa mesar iska. Ya ciro ƙafa ɗaya daga keken ɗansa, ya fita tsakar gida. Ya fara gara ƙafar keken, kamar yadda yara ke gara gargare, ta yi 'yar tafiya ta karkace ta faɗi. Ya gara katakon nan mai iska da ƙarfi daidai da na fari, sai ga shi ya ratsa tsakar gidan duka, ya bugi ƙofa, ya komo da baya.

A nan ya kamata mu dakata, domin abin da ya faru a tsakar gidan nan shi ne dukan asirin taya. Dunlop taushi ya tafi nema, sai ya samo sauri tare da shi, mutane da yawa kuwa a lokacin ba su yarda haka na yiwuwa ba. A ganinsu abu mai tauri shi ke gudu, mai laushi sai ya liƙe. Ga yadda al'amarin ya ke. In ƙafa mai tauri ta gamu da tsakuwa, ba ta da abin yi sai ta hau ta. Hawan nan kuwa ba ƙafar kaɗai ke yi ba, har keken da mahayinsa sai an ɗaga su sama, sa'an nan su faɗo. Kowace tsakuwa ta zama ɗan tudu ke nan, ƙarfin da za a yi gaba da shi ya ƙare wajen hawa da sauka. Taya mai iska kuwa ba ta hawan tsakuwar, haɗiye ta ta ke yi. Wurin da ya taka tsakuwar ya lotsa, iskar ciki ta matsu kaɗan, da an wuce sai ta tura roban ta komo yadda ta ke. Keken bai ɗagu ba, ƙarfin da ya shiga wajen matsa iskar kuma ta mayar da kusan dukansa. Curarriyar roba ma ta kan lotsa, amma kaɗan, kuma ba ta mayar da abin da ta karɓa duka, sai ta mai da wani sashi zafi.

Akwai ɗan lissafi a nan da malami zai iya ba 'yan aji. A ce mutum da kekensa da kayansa sun kai nauyin laba 200, an kuwa ba tayoyin iska mai ƙarfin laba 50 a kan kowane inci murabba'i. In an raba 200 da 50 a sami 4. Watau dukan wurin da tayoyin nan biyu su ka taɓa ƙasa kimanin inci murabba'i huɗu ne, bai kai tafin hannun yaro ba. In an rage iskar ta koma laba 25, sai wurin ya ninka ya zama takwas. Shi ya sa direban da ya san aikinsa ya kan sassauta iska in zai ratsa rairayi, don tayar ta baje kamar tafin raƙumi, kada ta nutse. Shi ya sa kuma wanda ya hau kwalta da taya mai ƙarancin iska, ga lodi, ga zafin bazara, ya ke neman wa kansa masifa. Gefen tayar zai yi ta lanƙwasa yana miƙewa, ya ɗau zafi, har zaren cikinta ya saki ta fashe.

Mu koma ga Dunlop. Ya sa wa ƙafafun baya na keken ɗansa irin wannan taya, ran 28 ga Fabrairu 1888 da dare yaron ya hau ya gwada a titi, ya komo da murna. Da safe a ka duba tayoyin, ba ko ƙwarzane. Cikin Yuli na shekaran nan Dunlop ya nemi takardar mallaka, watau takardar da gwamnati ke ba wanda ya ƙago sabon abu, wadda ke hana kowa yin irinsa na wani adadin shekaru sai da izninsa. An ba shi ita ran 7 ga Disamba 1888. Wani shagon kekuna na Belfas, na su Edlin, ya fara ƙera kekuna masu wannan taya.

Da fari dariya a ka yi musu. Tayoyin sun yi kauri, sun yi kumburi, 'yan tseren keke kuwa sun saba da nasu sirara. Sai ran 18 ga Mayu 1889 a ka yi wasannin shekara na Kwalejin Sarauniya a Belfas. Wani saurayi mai suna Willie Hume, shugaban wata ƙungiyar mahaya keke, ya fito da keke mai tayar iska. Tsere huɗu ya shiga, ya cinye duka huɗun. Dariya ta ƙare a nan. Cikin waɗanda ya tsere wa akwai 'ya'yan wani attajiri na birnin Dablin, Harvey du Cros, shi kansa mai sha'awar wasan keke. Attajirin nan ya ga abin da ya ci 'ya'yansa, ya gane akwai kuɗi a ciki. Kafin 1889 ta fita an kafa kamfani a Dablin, Dunlop ya ba da takardarsa, a ka ba shi 'yan kuɗi da rabo cikin jarin.

Ba a cika shekara ba sai ga labari mai kashe jiki. Cikin 1890 a ka tono cewa takardar Dunlop ba ta da ƙarfi, domin an riga shi da shekara arba'in da uku. Wanda ya riga shi kuwa ɗan ƙasarsu ne, Robert William Thomson, haifaffen garin Stonehaven cikin 1822. Yana ɗan shekara ashirin da uku, cikin 1845, ya karɓi takardar mallaka a Ingila kan ƙafa mai iska, ya karɓi wata a Faransa cikin 1846, da wata a Amurka cikin 1847. Tasa mesa ce ta ƙyalle mai shafin roba, a ka yi mata kube na fata, a ka ɗaure a jikin ƙafar. An gwada ta a keken doki a Landan cikin 1847, a ka tabbata doki ya fi samun sauƙin ja, ga shi ba ƙara. Akwai keken dokin da ya yi tafiyar mil 1,200 a kan irin tayoyin nan ba su lalace ba. Duk abin da Dunlop ya gano a tsakar gidansa, Thomson ya riga ya rubuta shi. Ya rasu cikin 1873, ba wanda ke tuna tayarsa. Dunlop dai har ƙarshen ransa ya tsaya a kan cewa bai taɓa jin labarin aikin Thomson ba, ba a kuwa sami abin da ya ƙaryata shi ba.

Me ya sa abu ɗaya ya mutu a hannun wannan ya rayu a hannun wancan? Ba wai Dunlop ya fi Thomson basira ba ne. A ganina ma, in basira a ke bi, Thomson na gaba nesa, gama injiniya ne na ainihi, ya ƙago alkalami mai ɗauke da tawadarsa, ya kuma ƙera motoci masu tafiya da tururi a kan hanya. Abin da ya rasa shi ne mai bukata. A zamaninsa roba na da tsada, mai keken doki kuwa ba shi ke ja ba, dokinsa ke ja, doki kuma ba ya kai ƙara. Amma mai keke shi ne mahayi shi ne kuma dokin. Duk ƙarfin da ya ɓata a hanya daga cinyarsa ya fito, duk girgiza a bayansa ta ke ƙarewa. Har wa yau, cikin 1885 ne John Kemp Starley na birnin Coventry ya fitar da keke mai ƙafafu biyu kusan daidai da juna da sarƙa, irin wanda mu ka sani, a maimakon tsohon mai ƙatuwar ƙafa a gaba. Sabon keken ya fi tsohon rashin hatsari, amma ƙananan ƙafafunsa sun fi jin gargada. Dubban mutane na jiran magani ke nan, sai ga Dunlop da shi a hannu, shekara uku kacal bayan haka.

Ko da ya ke takarda ta rushe, kamfanin bai rushe ba, wannan kuwa aikin du Cros ne. Tayar Dunlop ta fari tana da babban aibi. Liƙe ta a ke yi a jikin ƙarfen ƙafa da danko, a naɗe da ƙyalle ta tsakanin wayoyi. In ƙaya ta huda ta, sai an ɓamɓare an kwance, aikin awoyi. A ƙasa irin tamu, inda tsidau ke shimfiɗe a kowace turba, irin wannan taya ba ta kai mutum ko daga Wudil zuwa Garko ba. Cikin 1890 wani Bature, Charles Kingston Welch, ya fito da dabarar sa waya a leɓɓan taya biyu, da yi wa ƙarfen ƙafa kwari a tsakiya, yadda in an sace iska za a tura leɓen cikin kwarin, a zare tayar da hannu. Wani kuma, William Bartlett, ya yi tasa mai kauraran leɓɓa da ke maƙalewa a bakin ƙarfen. Du Cros ya sayi haƙƙin waɗannan dabaru. Cikin 1891 Charles Woods ya ƙago bawul, wanda ke barin iska ta shiga ya hana ta fita, mai 'yar roban nan siririya a ciki da kowane mai tsohon Raleigh ya sani. A Faransa kuma 'yan'uwa biyu, André da Édouard Michelin, su ka yi tasu taya mai ciruwa cikin 1891, su ka kuma shiga tseren mota daga Faris zuwa Bordeaux da komowa cikin 1895 da mota mai tayar iska. Sun sha faci a hanya har ba iyaka, amma sun nuna abin na yiwuwa.

Saboda haka in mai faci ya sa ƙarfe ya ɓalle leɓen taya, ya zaro tiyub, ya tsoma cikin kwanon ruwa yana duban inda kumfa ke tashi, ya kankare, ya shafa sholisho, ya liƙa, ya mayar, duk cikin ɗan lokaci kaɗan, to, Welch ne da Woods ke masa aiki a nan, ko da ya ke bai taɓa jin sunansu ba.

Akwai wani gefe na labarin nan da littattafan makaranta kan tsallake, mu kuwa mutanen Afirka bai kamata mu tsallake shi ba. Da keke ya yawaita, mota ta biyo baya, sai duniya ta kama yunwar danko. Gonakin roba na Malaya, waɗanda asalin irinsu daga Barazil Henry Wickham ya kwaso cikin 1876, ba su riga sun fara ba da yabanya mai yawa ba, don haka sai a ka faɗa wa dazuzzuka. A Ikko an yi rububin cinikin danko wajen 1895, a ka yi ta tsaga itatuwa ba tausayi har da yawa su ka mutu. Ko a nan Arewa an tatsi gamji, Turawa su ka riƙa saye da sunan jan dankon Kano, amma ba shi da miƙewa irin ta roban taya, cingam ya fi shiga. Inda abin ya yi muni shi ne Kwango, wadda Sarki Leopold na Biyu na Baljiyam ya riƙe tamkar gonarsa tun daga 1885. A ka yanka wa kowane ƙauye adadin dankon da zai kawo. A kan kama mata a tsare har mazansu su cika mudu, ƙauyen da ya kasa a ƙone shi, a kashe mutane, a yanke hannuwa. Roger Casement, ƙaramin jakadan Ingila a can, ya bi ƙasar ya rubuta abin da ya gani, rahotonsa ya fita cikin 1904, duniya ta yi ca, har cikin 1908 gwamnatin Baljiyam ta karɓe ƙasar daga hannun sarkin. Ba mai ɗora wa likitan dabbobi na Belfas alhakin wannan. Amma wanda zai koyar da tarihin taya, in ya ambaci tsakar gidan Dunlop ya bar dajin Kwango, rabin darasi ya bayar.

A wajenmu kuwa, tun da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911 kekuna da motoci su ka fara shigowa. Zamanin En'e keke shi ne abin hawan malamin makaranta da akawu da malamin asibiti, har a kan ba ma'aikaci rance ya saya a riƙa cirewa cikin albashi. Tafiyar da ta kan ci wa mai ƙafa yini, mai keke ya yi ta kafin azahar. Bayan samun mulkin kai kamfanin Dunlop ya gina ma'aikatar taya a Ikeja, ta fara aiki cikin 1963, Michelin kuma ya gina tasa a Fatakwal. Michelin ya rufe cikin 2007, Dunlop ya daina ƙera taya a nan cikin 2008, alhali itatuwan roba na nan tsaye a ƙasashen Binin da Sapele.

Shi Dunlop kansa bai daɗe cikin harkar ba. Ya bar aikin dabbobi ya koma Dablin cikin 1892, amma zama tsakaninsa da du Cros bai yi daɗi ba, gama ɗaya mai gwaje-gwaje ne, ɗaya ɗan kasuwa. Cikin 1895 ya sauka daga kujerarsa a kamfanin, ya kuma rabu da yawancin rabonsa. Cikin 1896 a ka sayar da kamfanin fam miliyan uku, wanda ya saya kuwa, Ernest Hooley, ya juya ya sayar wa jama'a a kan fam miliyan biyar. Abin da ya shiga aljihun Dunlop daga wannan bai taka kara ya karya ba in an gwada da na sauran. Bai talauce ba dai. Ya sa kuɗinsa cikin wani kantin tufafi a Dablin, ya zauna abinsa cikin rufin asiri.

Sunansa da fuskarsa ne ba su bar kamfanin ba. A ka riƙa buga hotonsa da gemun nan nasa a takardun talla, har a ka kai ga zana shi kamar wani tsohon ɗan gaye, da sanda da gilashin ido ɗaya. Abin ya ɓata masa rai. Cikin 1920, yana da shekara tamanin, ya kai kamfanin da ke amsa sunansa ƙara gaban shari'a don a hana su, maganar ta yi tsawo har ta kai Majalisar Dattawan Ingila, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli. Ya kuma zauna ya rubuta tarihin tayar iska yadda shi ya san shi, amma bai ga littafin a buge ba, 'yarsa ce ta fitar da shi bayan rasuwarsa. Ya rasu a gidansa a Dablin ran 23 ga Oktoba 1921, yana da shekara tamanin da ɗaya, a ka binne shi a maƙabartar Deansgrange, kudu da birnin.